Kiɗan da Ya Sa Nima Ta Ɗaga Ƙafa

Tun da na yi wayo, in hadari ya haɗo ta wajen unguwar Kawukudi, Mma takan bar duk abin da take yi. Ko tuwo take tuƙawa sai ta sauke tukunyar. Ta naɗe tabarmi, ta ɗora akwati kan kabad, ta zuba takalma a buhu ta rataye a ƙusa, sannan ta hau gado ta tanƙwashe ƙafa, carbi a hannu, leɓenta na motsi. Ba ta kula kowa sai ruwan ya ɗauke. Gidanmu na unguwar Nima yana bakin babbar kwatar nan da muke kira gota, kuma gotar ce ta tafi da babanmu ina ƙarami, ko makaranta ban shiga ba. Can wajen shataletalen Circle aka sami gawarsa. Iyakar abin da na sani ke nan, shi ma a bakin maƙwabta na tsinta, don Mma ba ta taɓa buɗe baki a kan ranar ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, sai dai "kai wannan", balle ta zaunar da ni ta yi mini hirar mutuwar miji.

Da girma ya zo mata sai hawan jini ya tarar da tsoron. Wata damina aka yi tsawa ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya ɗan karkace, muka yi kwanaki a asibiti. Da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce a guje wa duk abin da zai firgita ta, don na gaba ba lalle ya zo da sauƙi ba. Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Na faɗe ta tun farko ne don a san irin tsaka mai wuyar da na shiga daga baya, domin ni mai haɗa kiɗan fim ne, kuma abin da aka fi nema a wurina shi ne in tsorata mutane.

Ban faro da kiɗa ba. Gyaran waya nake yi a Circle, cikin wata rumfa da ba ta fi banɗaki faɗi ba, inda hon ɗin motoci da ihun 'yan kamasho ke cika kunne tun safe. Wani ya kawo ƙaramin kibod na kiɗa a gyara masa, bai dawo ba, na riƙa latsa shi in ciniki ya yi sanyi. A bayan rumfata akwai wani tsoho mutumin Kumasi mai sayar da caja, ashe ya yi shekaru yana kaɗa wa masu rawa a otel-otel kafin ya tuba ya koma kaɗa wa coci. Kowa Masta yake ce masa. Da ya gaji da jin ɓarnar da nake yi, ran nan ya leƙo ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji ƙarami, wannan abu bai yi maka laifi ba. Don me kana duka shi?"

Daga ranar ya zama malamina. Shi ya nuna mini inda ake ajiye yatsu, da yadda sauti uku ke haɗuwa su yi daɗi, da yadda in ka sauke na tsakiyan kaɗan sai daɗin ya koma baƙin ciki. Ba shi da haƙuri, ni ma ba ni da shi, saboda haka rabin karatun faɗa ne. In na yi kuskure yakan buge mini yatsa da igiyar caja, in na yi daidai kuma sai ya ce sa'a ce.

Ina da aboki tun muna yara a unguwar Maamobi, wanda ya sayi kyamara ya wayi gari yana kiran kansa darakta. Finafinanmu na Zongo, wato unguwanninmu na baƙi irin su Nima, ba manya ba ne. A ɗauka a lungunanmu, a haya zauren wata makaranta a nuna wa jama'a ranar Lahadi, daga nan a sa a intanet kowa ya kalla a wayarsa. Da ya ji ina taɓa kibod sai ya kawo mini fim ɗinsa na farko ya ce in sa masa kiɗa. A ciki akwai wurin da wata mata take ɗaki ita kaɗai, wani yana taɓa ƙofar daga waje. Ya ce, "Cale, abokina, nan ina so mutane su riƙe ciki. Ka ba ni tsoro paa, sosai-sosai."

Na zauna na tambayi kaina abin da ke ba ni tsoro. Ban daɗe ina nema ba hannuna ya tafi da kansa ga wani bugun ganga da ke zaune a kaina tun ban san kaina ba: bugu mai nauyi, wani mai nauyi, ɗan shiru, sai ƙanana su biyo a guje. Ban san inda na samo shi ba. Abin da na sani, duk sanda ya faɗo mini a rai tsoro yakan kama ni. Na haɗa shi a kwamfuta, na saurara, tsigar jikina ta tashi. Na ce shi ke nan, wanda bai ji tsoron wannan ba ba mutum ba ne. Darakta ma da ya ji ya gyaɗa kai, amma shi sa'ana ne, kunnensa bai fi nawa tsufa ba.

Mma ba ta je kallon ba, ta ce gwiwarta na ciwo, kuma har ga Allah na ji daɗin hakan. Zauren ya cika bayan la'asar. Da aka zo wurin ƙofar, gangata ta shigo, na leƙa fuskokin mutane ina jiran in ga an riƙe ciki. Sai wata tsohuwa Badagomba, wato 'yar ƙabilar Dagomba, a layin gaba ta ɗago kai. Ta yi murmushi, kafaɗarta ta fara motsi. Kafin in ankara ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta shiga taka rawa. Tsofaffi biyu suka bi ta, wata ta rangaɗa guɗa, matasa da ba su san komai ba suka ga abin dariya suka tashi su ma. Matar da ke cikin fim tana kuka tana danne ƙofa da baya, zaure kuwa ana biki. Ashe bugun da Dagomba ke raka amarya da shi ne a da, kafin masu sifika su kori makaɗa daga gidajen biki.

Darakta ya same ni a bayan zaure, jijiyar wuyansa a tsaye. "Mata shi na mutuwa, mutane na rawa! Na ce ka ba ni tsoro, ka ba ni amarya. Cale, ka kashe ni koraa, gaba ɗaya."

Nima ba ta mantuwa da abin dariya. Wata da watanni in na je sayen koko sai mai kokon ta tambaye ni yaushe za a kai amarya. 'Yan kan benci suna hango ni su fara buga cinya. Na yi faɗa da mutum biyu a kan haka, ɗaya ma ya girme ni. Labarin ya shigo har tsakar gidanmu, wata maƙwabciya ta zo tana ba Mma, tana kwaikwayon bugun a bayan kwano tana ƙyaƙyatawa. Mma ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Na ɗauka kunyar ɗanta ce ta kama ta, kuma wannan ya fi dariyar duk unguwa yi mini ciwo.

Abin da na koya a lokacin shi ne, a Zongo babu gangar da ba ta da mai ita. Ga Hausawa, ga Dagomba, ga Zabarmawa, ga Kotokoli, ga Mosi, ga Yarbawa, duk bango ɗaya ya raba mu, kowa kuma da nasa kiɗan. Abin da zai sa wannan kuka, na sunan jariri ne a wurin wancan. Sai na koma tsoron ganga gaba ɗaya. In na haɗa bugu nakan sa a waya in bi tsofaffi ina tambaya, "Baba, wannan na waye?" Da na gaji da yawo sai na watsar, na koma kwaikwayon finafinan waje: in cika wuri da ƙarar goge da rugugi, in mugu ya fito in buga wani dum kamar an yar da buhun siminti. Ba a ƙara rawa ba, amma ba wanda ya ji tsoro, ni ma ban ji ba.

Masta ne ya fitar da ni daga wannan ramin, da zagi kamar yadda ya saba. Ya kalli wani aiki nawa ya ce, "Kana magana da yawa. Hoto ya faɗa mugu ya zo, kai ma ka faɗa mugu ya zo. Mu makafi ne?" Ya sa na riƙa kashe sauti in kalli wuri sau da yawa ban taɓa kibod ba, har sai na ga inda mai wasan ya ja numfashi, inda idonsa ya kauce. Ya ce kiɗa ya shigo a makare ya fita da wuri. Ya hana ni kaɗawa a kan maganar mutane. Abin da ya fi ba ni haushi, duk abin da na gama a manyan sifiku sai ya ce in mayar da shi waya, mu fita bakin titi mu saurara cikin hayaniyar Circle, don a nan mutanenmu ke kallo. Rugugin da nake taƙama da shi kuwa waya ba ta ɗaukarsa, ɓacewa yake yi ƙurmus. Na yi shekaru a haka, ina yi wa tallan magani da ƙananan finafinai kiɗa, kunnena yana buɗewa a hankali.

Sai darakta ya dawo, fushinsa ya huce, da fim ɗin da ya fi duk na baya girma. Tsakiyar fim ɗin wata uwa ce take neman 'yarta a lungunan Nima da rana tsaka. Babu mugu, babu wuƙa, babu duhu. Mace ce kawai tana tafiya tana leƙa ƙofofi, tafiyar tana ƙara sauri. Ya ce, "In aka yi rawa wannan karo, ni da kai mun gama."

Na kai wa Masta wurin ya kalla. Da ya gama ya ce, "Mene ne Dagomba yana tsoro, Hausa yana tsoro, ni ma mutumin Kumasi ina tsoro? Nemo shi." Na san amsar tun kafin ya rufe baki, kuma ban so saninta ba. A Nima ba mu haɗu a yare ba, ba mu haɗu a ganga ba, amma duk wanda ya taɓa kwana kusa da gota ya san ƙarar da take yi in ruwa na tafe.

Na ja ƙafa har damina ta kusa wucewa. Ran nan da safe hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na bar Mma a kan gado da carbinta, na ce mata na tafi aiki. Na ɗaura ƙaramin makirfo a sanda, na rufe shi da leda, na je na tsaya kan gadar simintin da ke ƙasan layinmu. Tun ina yaro ban taɓa tsayawa a kanta ana ruwa ba. Abin da ya ba ni mamaki, ba ruwan ne ke fara zuwa ba. Shara ce. Jarkokin mai marasa komai da robobin ruwa su ke yin gaba, suna karo da bangon siminti suna karo da juna, ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas, ba tsari, amma tazarar tana raguwa. A ƙarƙashinsu akwai wani gunji da ba kunne ke fara jinsa ba, tafin ƙafa ne. Sai ga wani abu ya dawo mini da ban san ina ɗauke da shi ba: ina zaune kan kabad, baƙin ruwa yana shigowa ta ƙofa, hannun Mma ya damƙe mini idon sawu har yana ciwo. Wata mata ta ƙwala mini ihu daga taga wai in sauka ko na haukace ne. Na sauka a guje. A rumfar mai shayi na zube, aka miƙo mini kofin shayi.

Da na kunna wa Masta abin da na ɗauko ya ce, "Wannan labarai ne, ba kiɗa ba. In ka sa shi haka, za su ce ga ruwa, su nemi ruwa a hoto, ba su gani ba, su yi dariya." Gaskiyarsa ce. Saboda haka na zauna na koyi tafiyar jarkokin kawai, yadda suke jinkiri da yadda suke rududuwa. Na samo jarka na riƙa bugunta da tafin hannu da zobe, na tausasa sautin har ba za ka ce ga abin da ake bugawa ba. Na shimfiɗa sauti ɗaya dogo a ƙasa, wanda waya za ta iya ɗauka, yana hawa kaɗan-kaɗan yadda ba za ka kama shi yana hawa ba. Ban shigo ba sai da uwar ta leƙa ƙofar farko ta fito. Inda ta tsaya cak a bakin lungu na ƙarshe kuma na yanke komai, na bar shiru. Karo na farko ke nan da Masta ya saurari aikina bai ce sa'a ba ce. Hannunsa kawai na ga yana shafawa, tsigar jikinsa ta tashi.

A gida nake ƙarasa aikin, da abin ji a kunne don kada ya fita. Wata ranar Asabar da hantsi, rana tas a sama, na juya in ɗauki ruwa igiyar ta fizge daga kwamfuta, sautin ya fita ta sifika. Ban bar shi ya yi nisa ba na kashe. Amma taɓaryar da ke daka a tsakar gida ta tsaya.

"Kai wannan," in ji Mma. "Ruwa ake yi?"

"A'a Mma, ba ruwa. Dubi rana."

Na leƙo na ga ta ɗaga kai tana duban sama, hannunta dafe da ƙirji. Ta ga ranar da idonta, duk da haka sai da ta naɗe tabarma ta kai ɗaki. A ranar na kwashe kayan aikina na mayar rumfa. Ɗan abin da ya zubo ke nan ya yi mata haka, to ina ga an kunna mata shi duka a manyan sifiku?

Ga kuma al'adarmu. Ranar buɗe babban fim a Zongo biki ce sosai: a fitar da anko, a raba goro, iyayen waɗanda suka yi aikin su zauna a layin gaba, a kira su ɗaya-ɗaya a tafa musu. Kafin in yi wani tunani darakta ya riga ya aika wa Mma goro da atamfarta. Na dawo na tarar har ta kai ɗinki. Na ce mata fim ɗin dogo ne. Na ce zauren zafi gare shi, kujerun ƙarfe ne, ga gwiwarta. Ta bar ni na gama zuba, sannan ta ce, "Wancan karon ban je ba, aka yi maka dariya kai kaɗai. Wannan karon da ni za a yi."

Na koma wurin darakta na roƙe shi ya bar ni in rage wa kiɗan ƙarfi, ko in canza shi. Ya dube ni kamar na ce a ƙona kyamarar. "Ka yi hauka? Abu mafi kyau cikin fim, shi za ka cire? Faɗa ma Mma shi zauna gida." Ban iya gaya masa cewa ba a gaya wa Mma ta zauna ba. Ban kuma iya gaya wa Mma gaskiya ba, don in na ce mata ƙarar gota na sa, na buɗe maganar da ta yi shekaru tana rufewa. Na yi tunanin goge aikin in ce kwamfuta ce ta cinye. Na buɗe shi da niyyar haka, na saurara, na kasa. Ina son uwata, kuma ina son kiɗan nan, na tsani kaina da na ga ina auna su. Abin da na iya yi kawai, na sa maganinta a aljihu, na roƙi wani mai tasi ɗan layinmu ya tsaya a ƙofar zaure kada ya motsa.

Ranar Lahadin babu ɗigon gajimare. Mma ta zauna a layin gaba cikin ankonta, ɗaurin kallabinta ya fi na kowa tsayi. Ni ban zauna ba. Na tsaya jikin bango kusa da inda igiyar sifika ta shiga, hannuna a kanta, na ƙudura in na ga kanta ya karkata ko kaɗan zan fizge, darakta ya yi abin da zai yi. Mutanenmu ba sa kallon fim da baki rufe. Suna ba mai wasa shawara, suna zagin mugu, suna gaisawa da na nesa. Haka aka yi ta yi har uwar nan ta fito neman 'yarta. Ta leƙa ƙofar farko ta fito. Ƙwas.

Surutun ya fara mutuwa daga baya zuwa gaba. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya tashi. Sai na ga abin da ban taɓa tsammani ba. Wata mata ta sunkuya ta ɗauke jakarta daga ƙasa ta ɗora a cinya, idonta na kan fim, ba ta ma san ta yi ba. Ta kusa da ita ta ɗaga ƙafafu ta ɗora kan sandar kujera. Na bi layin da kallo, ƙafafu suna barin ƙasa, na maza da na mata, takalma a rataye. Wani dattijo ya waiwaya ya dubi taga inda rana ke haskawa, ya dawo da kai bai gamsu ba. Tsohuwar nan Badagomba da ta yi mini rawa a da tana can gefe, ta tattare zanenta har gwiwa. Da a wata rana ce da na yi kukan daɗi. Amma ni Mma nake kallo.

Ita kaɗai ce a layinta ƙafarta ke ƙasa. Bayanta a miƙe, carbin a hannunta amma ba ya tafiya. Daga inda nake ban iya ganin bakinta ba, ban san ko ya karkace ba. Jarkokin suna ƙara matsowa, sautin ƙasan yana hawa, gumi ya jiƙa mini igiyar a tafin hannu. Na ce in fizge, na ce in ɗan jira, na sake cewa in fizge. Har yau ban san ko ƙarfin hali ne ya hana ni ba ko tsoro ne ya sandarar da hannun. Uwar ta tsaya a bakin lungu, komai ya yanke, zauren ya yi tsit har ana jin fanka.

Da fim ya ƙare aka tashi da tafi, darakta ya rungume ni yana ihu a kunnena, mutane suka yanyame mu. Da na ƙwace na duba layin gaba, kujerar Mma babu kowa. Na fita a guje. Mai tasi ya ce ta fito, ya buɗe mata ƙofa ta ce a'a, ta gangara hanyar gida a ƙafa. Na bi hanyar gida ina leƙa kowane lungu, ina duban ƙasa, don a ƙasa nake tsammanin ganinta. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba, har na kan gada ranar ruwa.

A kan gadar na same ta, a tsaye. Mma da takan zagaya ta babban titi komai nisa don kada ta taka gadar nan. Gotar a bushe take, sai ɗan baƙin ruwa siriri da shara. Na fara duban bakinta, yana daidai. Na ciro maganin na miƙa mata, ta karɓa ta riƙe ba ta sha ba.

"Jarkokin ka same su daidai," ta ce, ba ta dube ni ba. "Haka suke yi. Amma ka cire gangar."

Na ce, "Wace ganga, Mma?"

Ta sa zobenta ta buga a ƙarfen gadar: mai nauyi, mai nauyi, ɗan shiru, sai ƙanana a guje. Bugun nan ne da ke zaune a kaina, wanda aka yi mini rawa da shi.

"Ranar ana rakiyar amarya a gidan Dagomban da ke bayanmu. Gangar ce ta hana kowa jin ruwan sai da ya iso. Babanka ya ɗora ka kan kabad, ya ce in riƙe ka, ya fita ya gaya musu su bar kiɗa su kwashe yara. Ina riƙe da ƙafarka ina sauraro. Na ce a raina in gangar ta tsaya, to ya isa wurinsu." Ta juya maganin a tafin hannunta. "Ba ta tsaya ba. Ta daɗe ba ta tsaya ba."

Wani mai tura baro ya ce mu ba shi hanya, muka matsa.

"Da suka yi maka dariya na san inda ka samo ta," ta ce. "Na so in gaya maka ba kuskure ka yi ba. Bakina ne ya ƙi buɗuwa."

Ta jefa maganin a baki ta haɗiye ba ruwa, ta gyara kallabinta da ya ɗan zame. Sannan ta dubi ɗaya ƙarshen gadar, wanda ya fi kusa da gida.

"Kai wannan, riƙe ni mu haye."

Na riƙe ta, hannunta ya damƙe nawa har yana ciwo, muka haye a hankali.